Ruwan Da Ke Cin Sabulu

A ƙasar Buza mata sun san rijiyoyi kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Akwai rijiyar da in an kai wanki bakinta, sabulu ɗaya ya isa tufafin gida duka. Akwai wadda sai an kashe biyu, kuma farar riga ta fito toka-toka, ta bushe da ƙarfi kamar fata. Waken da anka ɗora da irin ruwan ga tun hantsi, azahar ta yi bai nuna ba. Butar shayi tana yin farin ɓawo daga ciki. Bakin famfo shina toshewa. Haka abin shike a garuruwa da dama na Adar, daga Kaita zuwa Buza, har gefen Madawa.

Abin ba ƙarami ba ne. Sabulu kuɗɗi ne, icce kuɗɗi ne, ƙarfin mace kuma ba na banza ba ne. Amma babbar hasara ba nan take ba. Da damina ta sauka, tabkuna sun cika, wasu gidaje sukan bar rijiyar siminti ko famfo su koma shan ruwan tabki, wai shi ya fi daɗi a baki. Wasu kuma sun ji labarin tukunyar tacewa, mai rairayi da gawayi da tsakuwa, suna tsammanin ita ce maganin zartsi. Tukunyar tana da amfani ƙwarai, amma ba wanga ne aikinta ba. Ya kamata magidanci shi san dalili, kafin shi kashe kuɗɗinsa ko shi kai ɗiyansa ga ciwo.

Ruwa ba shi tsami banza

Abin da ake kira zartsi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gishiri, wanda harshe ke ganewa nan take. Akwai na kanwa, shi santsi gare shi, in an yi wanka da shi sai a ji kamar sabulu bai fita daga jiki ba. Akwai kuma na dutse. Shi ne ke cin sabulu, shi sa fata kaushi, shi hana wake nuna. Ma'aikatan ruwa suna ce mashi ruwa mai tauri. Bisa shi ne wagga magana take.

Wanda ya tsaya cikin kwarin Majiya ya ɗaga kai ya dubi gefen dutse, za shi ga ƙasar hawa-hawa take. A bisa akwai jan dutse mai ƙarfe-ƙarfe. Ƙarƙashinsa akwai laka, akwai farin dutse. Masana ƙasa sun ce wajen shekara miliyan 60 da sunka wuce, teku ne ya rufe wurin ga duka. Ƙwanson halittun teku ya yi ta zuba ƙasa, ya danƙare, ya zama farin dutse. Shi ya sa yara masu kiwo ke tsintar duwatsu masu siffar katantanwa bisa tudu, inda ko kwaɗo babu.

Cikin lakar kuma akwai wani dutse mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi, mai laushi, farce ma shina karce shi. Sunansa jips. Mutanen Adar sun san shi, don sun daɗe suna tono shi suna saida wa gidan siminti na Malbaza, wanda ya fara aiki a 1966. Siminti kansa da farin dutsen ga ake yin shi, a ƙara mashi jips kaɗan.

To, ruwan sama in ya sauko ba shi da ko ɗaya daga waɗanga abubuwa. In ya nutse cikin ƙasa sai shi kwashi iskar da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, shi yi ɗan tsami wanda baki ba shi ji. Da wanga ɗan tsami shike lasar farin dutse sannu-sannu. Jips kuwa ba shi da wuyar narkewa: litir 1 na ruwa na iya narkar da giram 2 nasa. Abin da ruwan ke kwasowa daga duwatsun, sinadarai biyu ne, kalsiyom da manyeziyom. Suna narkewa ƙurmus kamar yadda sukari ke narkewa cikin shayi. Ruwan shina fitowa garau, ido ba shi ganin komai, amma dutse na ciki.

In sabulu ya haɗu da su sai su kama shi, su maida shi wata farar dauɗa mai danƙo wadda ke manne wa tufa da bakin bokiti. Kumfa ba ta fara tashi sai sun ƙoshi. Fatar wake ma su ke ɗaure ta.

Yadda ake ganewa

A sami kwalabe biyu iri ɗaya. A zuba ruwan sama cikin ɗaya, ruwan rijiya cikin ɗaya, kowace zuwa rabi. A kankare sabulun sanda daidai wa daida a zuba, a toshe, a girgiza sosai. Ruwan sama za shi cika kwalba da kumfa. Ruwa mai tauri za shi yi fari kamar tsarin nono, kumfa kaɗan, ita ma ta kwanta da sauri. Kada a gwada da omo, don shi an yi shi ne shi yi kumfa cikin kowane irin ruwa. Wanga awo ba wasan yara ba ne. Wani malamin jami'a a ƙasar Sukotilan, Tomas Kilak, da ruwan sabulu ya auna taurin ruwa a 1841, kuma ma'aikatan ruwa sun yi shekaru masu yawa suna bin hanyarsa.

Yau da miligiram ake lissafi. Miligiram 1000 su ne giram 1. In litir 1 bai ɗauke da fiye da miligiram 60 na dutse ba, ruwan mai laushi ne. In ya wuce 180, mai tauri ne ƙwarai. Daga wajen 200 ɓawo ke fara kama buta da bututu.

Ga misali. A ce rijiya tana da 300. Bido ɗaya mai litir 20 shina ɗauke da giram 6 na dutse ke nan, kusan nauyin ƙwayar sukarin kwali guda. Ba yawa, in ji mai kallo. Amma gidan da ke ɗibar bido 5 kullum, a shekara ya ɗauko kusan kilo 11 na dutse bisa kan mata da bayan jaki, ba wanda ya gan shi.

Abin da tukunyar tacewa ke iyawa

Tukunyar tacewa ba ta da wuyar yi. Ana samun tano mai tsabta ko babbar randa, a huda ta daga ƙasa a sa ɗan bututu. A shimfiɗa tsakuwa a gindi, a bi ta da rairayi mai kaushi, sannan gawayin da anka farfasa anka wanke, sannan rairayi mai laushi mai zurfi, kamar kamu ɗaya. In an zuba ruwa mai laka daga bisa, shina tsiyayowa garau daga ƙasa. Rairayi shina tare laka, da ƙwarin ruwa, da ƙwan tsutsa. Gawayi shina kama wari da ɗanɗanon ruɓa. In ba a bar rairayin ya bushe ba, bayan ƴan makonni wata ƴar yana tana yi a samansa, ita kuma tana cinye ƙwayoyin cuta da yawa, ko da shike ba duka ba.

Duka wanga aiki na tarewa ne. Abin da ke yawo cikin ruwa shi ake tarewa. Abin da ya narke kuwa, ba a tare shi. Kowa na iya gwadawa: a dama gishiri cikin ruwa, a tace shi da ƙyalle ninki goma, a ɗanɗana. Gishirin na nan. Haka kalsiyom ke ratsa rairayi da gawayi shi fita abinsa. Ruwan da ya shiga tukunya shina cin sabulu, haka za shi fito shina cin sabulu, sai dai ya fi kyan gani.

Akwai ma kuskuren da ya fi kusa da mutanen Adar fiye da kowa. Wanda ya tashi neman tsakuwa, abin da ke kusa da shi farin dutse ne. In ya zuba shi cikin tukunya, ya ƙara wa ruwa abin da shike gudu. Ruwan sama ma in ya kwana bisa irin tsakuwar ga sai shi fara tauri. Kafin a zuba tsakuwa ko rairayi, a daka kaɗan a ɗiga mashi lemun tsami. In ya yi ƴan kumfa shina tsuwa, farin dutse ne, a yar da shi. Rairayin korama da bai amsa wa lemu ba, shi ne na aiki.

Jan dutse da yumɓu fa? An gwada su a jami'o'i da yawa. Suna ɗan kama wasu abubuwa, amma ga taurin ruwa ƙarfinsu kaɗan ne, kuma suna cika da wuri. Alif da mata ke jefawa cikin randa shi ma laka kawai shike kwantarwa.

Dutsen da ke musaya

Duk da haka akwai dutsen da Allah ya yi wanda ke iya wanga aiki. Ba tarewa shike yi ba, musaya shike yi.

Manomi ne ya fara lura da abin. A ƙasar Ingila, wajen 1850, wani mai gonaki, Tamsin, da wani masani, Tomas Wai, sunka zuba ruwan takin zamani bisa ƙasar gona sunka tari abin da ya tsiyayo. Sai sunka ga takin bai fito ba. Ƙasa ta riƙe shi, ta saki kalsiyom a madadinsa. Ashe ƙasa tana da hannu: ta kama wani abu, ta saki wani. Shi ya sa taki ba shi wankewa duka da ruwan farko.

Akwai dutsen da ya fi kowace ƙasar gona iya wagga musaya. Sunansa zeyolit. Wani masani na ƙasar Suwidin, Kuronstet, ya raɗa mashi sunan a 1756, ma'anarsa dutse mai tafasa, don in an gasa shi shina fidda tururi. Galibi daga tokar dutse mai aman wuta shike samuwa. Jikinsa cike shike da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba shi gani. In an jiƙa shi cikin ruwan gishiri, sinadarin gishiri, wato sodiyom, shina shiga ramukan shi zauna. In ruwa mai tauri ya ratsa, sai dutsen shi kama kalsiyom da manyeziyom, shi saki sodiyom. Sodiyom kuwa ba shi faɗa da sabulu. Ranar da ramukan sunka cika, sai a sake wanke dutsen da ruwan gishiri mai ƙarfi, shi zubar da abin da ya kama, shi koma sabo.

Ana haƙo zeyolit a Turkiyya, da Sin, da Amurka, da Kuba, da wasu ƙasashe. Ga alama mutanen dā ma sun san amfaninsa. A 2020 masu bincike sun gano zeyolit da rairayi cikin wani tsohon tafkin ajiyar ruwa a kufan birnin Tikal, ƙasar Gwatemala, wanda anka yi aiki da shi tun shekara 2000 da sunka wuce. Bisa ga binciken, daga nisan kusan kilomita 30 anka ɗauko shi don tsabtace ruwan sha.

A Amurka, tun shekarun 1920, da wani koren rairayi mai irin wanga hali anka riƙa tausasa ruwan gidaje da na masana'antu. Lissafinsa shina da kyau a sani, don shi ke nuna iyakar abin. Litir 1 na koren rairayin shina kama kimanin giram 7 na dutse kafin shi cika. Ke nan, ga rijiyar misalin ɗazu, litir 1 na rairayi bido ɗaya kawai shike gyarawa. Bokiti mai litir 20 cike da shi za shi gyara bido 20. Gidan da ke ɗibar 5 kullum, kwana 4 ke nan. Rana ta biyar sai a nemi kusan rabin kilo na gishiri a wanke shi. Haka za a yi ta yi, rani da damina. Wanda ya manta wankin mako ɗaya, bokitin tsakuwa kawai ya ajiye a ɗaki.

Saboda wagga gajiyawa ce Turawa sunka koma ga na ƙira. A 1905 wani Bajamushe, Robat Gans, ya haɗa zeyolit na masana'anta. A 1935 a Ingila anka gano ana iya yin musayar da ƴan ƙwayoyin roba. Na yanzu, masu kama da ƙwan kifi, sun ninka koren rairayi wajen sau 10 a ƙarfi. Su ma da gishiri ake wanke su.

A Nijar akwai wani ɗan'uwan zeyolit, analsim, cikin duwatsun yamma da Abzin, wajen Imuraren. Amma ramukansa sun cika ƙanƙanta, kuma cikin ƙasar uraniyom shike. Ba na randar sha ba ne.

Abu biyu kuma ba a faɗa wa mai saye. Ruwan da ya bi ta zeyolit ya ƙaru da sodiyom. Ga rijiya mai 300, kusan miligiram 140 ke shiga kowane litir. Mai hawan jini da jinjiri ba su bukatar wanga ƙari. Sannan ruwan gishirin wanki, in an zubar da shi kusa da garka, albasa da tumatir za su gaya wa mai su. Saboda haka in mai talla ya zo kasuwar Buza ko ta Tamaske da matata, shina cewa tana kashe zartsi, a tambaye shi me ke cikinta, da me ake wanke ta, kwana nawa take yi kafin ta cika. Sannan a fiddo kwalabe biyu da guntun sabulu a gwada gabansa. In ya ƙi gwaji, a bar mashi kayansa.

Abin da ke hannu

Taurin ruwa kashi biyu ne, kuma sanin wanga shina rage ɓarnar icce. Wanda ya fito daga farin dutse, tafasa tana fidda shi. Zafi shina korar iskar da ta riƙe dutsen, sai dutsen shi koma gari shi kwanta. Ɓawon buta shi ne shaida. Wanda ya fito daga jips kuwa, ko an kwana ana tafasawa ba shi fita, sai ma ƙaruwa, don ruwa na tafiya cikin tururi shi kuma shina nan. A tafasa litir ɗaya, a bar shi shi huce shi kwanta, a tsiyaye, a gwada da sabulu. In kumfa ta ƙaru, na farin dutse ne. In ba ta ƙaru ba, kada a sake ƙona ko kara ɗaya dominsa. Ko inda tafasa ke aiki, ta ruwan shayi da na wake ce. Mutanen Majiya da sunka fara dasa layukan dogon yaro a 1975, da matan Kaita da sunka fasa dutse cikin furojen da ya fara a 1984, ba su raya iccen ga don a dafa ruwan wanki ba.

Ga wanki, maganin na cikin kasuwa tun kaka da kakanni. Kanwa ce. Ita ma ma'adinin ƙasa ce, daga Manga, da Dallol Boso, da bakin tafkin Cadi ake kawo ta. Abin da ke cikinta shina kama kalsiyom shi maida shi farin gari, ko daga farin dutse ya fito ko daga jips. Matar da ke jefa kanwa cikin tukunyar wake ta riga masana sanin rabin wanga karatu.

Ga yadda ake yi. Da marece a daka farar kanwa, a jiƙa cokali ɗaya cikin ruwa kaɗan, a tace ƙasar da ke ciki. A zuba cikin bido ɗaya na ruwan wanki, a motsa. Ruwan za shi yi fari. A bar shi shi kwana. Da safe a tsiyaye na bisa a hankali, a bar farin gari a gindi. A gwada da sabulu. In bai isa ba, gobe a ƙara rabin cokali. In ruwan ya yi santsi da yawa, hannu na zafi, kanwa ta yi yawa, a rage. Kanwa ba ƙarfi ɗaya gare ta ba, rijiyoyi ma haka, saboda haka kowace mace ita za ta gano awon rijiyarta. Jar kanwa tana iya ɓata farin tufa. Inda kanwa ta yi tsada, ruwan tokar karan hatsi shina yin aikin, sai dai shina son a tace shi sosai.

Amma wanga ruwa na wanki ne da wanke-wanke, ba na randar sha ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, sunka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. Abin da anka ɗan sa cikin wake daban, abin da za a sha safe da yamma daban.

Ƙwayar zogale kuma, in an ɓare ta an daka, guda ɗaya ko biyu tana kwantar da lakar litir ɗaya. A 1995 wani masani ɗan Nijeriya, Sulaiman Muyibi, da abokiyar aikinsa a Ingila sun nuna tana rage tauri ma, sai dai sai an zuba da yawa ƙwarai, fiye da abin da laka ke bukata. Ruwan da anka sa wa zogale ba a ajiye shi, ranar ake aiki da shi.

Ruwan da ya fi kowane laushi kuwa daga sama shike zuwa, kyauta. Milimita 1 na ruwan sama bisa mita 1 faɗi da tsawo, litir 1 ne. Ɗakin kwano mai mita 4 da mita 5, a shekarar da anka sami milimita 400, litir 8000 ke zuba daga kansa, wato bido 400. Ba duka ake iya tarewa ba, amma ko kashi ɗaya cikin goma ya isa waken gida, da shayi, da wankin kan yara na watanni. A bar zubin farko shi wanke kwano, sannan a tara, a rufe tano saboda sauro. Masu batirin sola ma su kula: ruwan rijiya mai tauri shina kashe batir. Ruwan batir na kanti ake zubawa.

Shin shina cutarwa?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa taurin ruwa iyaka don lafiya ba, saboda ba a sami shaidar cewa shina cutar da mai shan shi ba. Kalsiyom da manyeziyom abinci ne ga ƙashi da haƙori. Litir 1 na madarar saniya shina da kalsiyom wajen ninki 10 na abin da ke cikin litir 1 na rijiyar misalin nan, kuma ba a taɓa jin Bafillace ya ce nono ya yi wa ɗansa zartsi ba. Mutane kan ce shi ke kawo tsakuwar mara, wai yadda shike yi wa buta haka shike yi wa ciki. Ciki ba buta ba ne. Abin da likitoci sunka fi tabbatarwa shi ne ƙarancin shan ruwa cikin zafi shina kawo tsakuwa. Manomin da ya ƙi sha a gona don ruwan ba daɗi, shi ya fi kusa da ita.

Ruwan jips shina da nasa hali. In sinadarinsa, sulfat, ya yi yawa, ruwan shina ɗaci, kuma shina sakin cikin baƙo da na jinjiri. Maruƙa da ƴan raguna ma sukan yi zawo da shi, su ƙi sha, su rame. Makiyayin da ke kora dabbobi Ingal ƙarshen damina don lasar gishiri ya san ba kowane zartsi ne cuta ba. Amma in garke ya sauka sabuwar rijiya, ƙanana sunka fara zawo manya na sunsunawa suna ja da baya, a nemi wata, ko a gauraya ruwan da mai daɗi.

Ruwan tabki kuwa, daɗinsa daga sama ne, dauɗarsa daga ƙasa. Abin da mutum da dabba sunka zubar bayan gari, ruwan farko can shike kai shi. Kurkunu dai an rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar shaidar haka a 2013. Amma zawo, da tsargiya, da kwalara suna nan. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5000 a Nijar, jahar Tawa na cikin inda ta fi taɓawa. A 2024 ta sake ɓulla a yankunan Buza, Madawa da Ƙonni. Barin famfo mai zartsi a koma tabki, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Dabara ita ce a raba wa kowane ruwa aikinsa: mai tsabta, ko da tauri, na sha ne. Mai laushi na korama ko na tabki, na wanki ne. In dole ta sa a sha shi, to nan ne ranar tukunyar tacewa: a tace, sannan a sa ƙwayar Aquatabs ko jabel bisa awon da gidan likita ya faɗa, a jira rabin awa.

Akwai kuma abin da ba shi cin sabulu, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, amma ya fi zartsi mugunta. Sunansa fuluwor. Kaɗan nasa shina ƙarfafa haƙori, in ya yi yawa shina ɓata shi, shi lanƙwasa ƙashi. A Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an sha ruwan wani foraj mai zurfi tun tsakiyar shekarun 1980. Ruwa garau, ba mai kuka da shi. Sai da anka yi shekaru sannan anka gane shina da fuluwor ninki uku ko huɗu na abin da ya kamata. Kafin nan haƙoran yara da yawa sun rine, ɗaruruwa ƙafafunsu sun gwame. Rairayi ba shi tare fuluwor, tafasa ba ta fidda shi, kanwa da zeyolit ɗin wanki ba su kama shi. Sau da yawa ma ruwa mai laushi ne ya fi ɗaukar shi, don kalsiyom shina rage shi. Abin da ke kama shi gawayin ƙashin shanu ne, wanda anka ƙona bisa awo. A Kenya, da Tanzaniya, da Habasha ana aiki da shi cikin ƙauyuka.

Takardar awo

Sabon foraj, kafin a buɗe shi ga jama'a, ya kamata a ɗebi ruwansa a auna. Awon shina da takarda. Kwamitin ruwa na gari shi nemi kofinta wurin ma'aikatan ruwa na gunduma, ko na jaha a Tawa, a kawo ta wurin karatun manya a duba tare. Da Faransanci take, amma layukan da anka fi bukata ba su da yawa, kuma wanda ya iya haruffa da lambobi za shi gane su.

Inda anka rubuta TH, taurin ruwa ke nan. Wani lokaci da digiri ake rubuta shi, digiri 1 daidai da miligiram 10, saboda haka 30 a nan shi ne 300 na ɗazu. Inda anka rubuta SO4, sulfat ne, daga 250 baki ke fara jin shi, in ya wuce 500 a yi magana da likita. NO3 shi ne abin da ke tsiyayowa daga masai, da turken dabbobi, da takin zamani, kada shi wuce 50, saboda jarirai. Harafin F shi ne fuluwor, kada shi wuce 1,5, wato ɗaya da rabi.

Tsohuwar rijiyar da ba ta da takarda, haƙoran yara su ne takardarta. In yaran da anka haifa a garin, masu shekara 7 ko 8, sababbin haƙoransu suna fitowa da farin tabo kamar alli, ko da ja-ja kamar na mai cin goro, maigari shi sanar da gidan likita da ma'aikatan ruwa, a zo a ɗebi ruwan a auna.